Yadda Bulwe Ya Raba Bunjo da Gadon Ubansa

Duk wanda ya sauka a kwatar Lugumba da hantsi zai tarar da wani dogon mutum mai furfura a gemu, sanye da koren falmaran mai aljifai kamar jakar boka, a tsaye kan wani kifaffen kwalekwale yana hangen ruwa, sai ka ce shi aka bar wa gadin tafkin Nalubale. Bunjo ke nan. In baƙo ne kai, zai gaya maka shi ne Ciyaman. Kada ka kuskura ka tambaye shi ciyaman ɗin me, don jirgin komawa zai tashi ya bar ka bai kai rabin bayani ba.

Shi ne ɗan farin tsoho Mubiru, mai gidan ƙarshen gari, inda gonar ayaba ke gangarawa har ta tsoma ƙafa a fadama. 'Yan dangin gaiwa ne. Gaiwa ce kan gidansu tun kaka da kakanni: ba sa cin ta, ba sa kashe ta, in ta faɗa komar ɗayansu sai ya buɗe mata hanya yana ba ta haƙuri, kamar wanda ya taka ƙafar gwaggonsa. Ko tukunyar da aka taɓa dafa ta ba ta kwana a gidan Mubiru. Yaro a gidan nan kafin ya iya ɗaura wando ya san wannan.

Bunjo ya taso da tsawo da murya, sauran abubuwan Allah bai ba shi da yawa ba. Ya gwada kamun kifi, igiyar ruwa ta juya masa ciki, ya ciyar da kifi maimakon kifi ya ciyar da shi. Ya gwada gawayi, ya ce yana ɓata masa fata. Ya yi kaɗa ƙararrawa a coci, aka sallame shi don yakan tsaya gaisawa da mutane har lokacin ibada ya wuce. Da aka yi masa aure da Nalule, mace mai hannu kamar na maza, sai ya huta: ita ke noma, shi ke ba da shawara.

Abu ɗaya tak ya sa a ransa tun yana saurayi, shi ne ranar da za a watse makokin ubansa a naɗa magaji. Ranar nan dangi kan yafa wa magaji mayafin ɓawon itace, a damƙa masa mashin gida da ƙwaryar giya, daga nan ya zama shi ne mamacin: gona tasa, kujera tasa, kuma duk 'ya'yan gida, babba da yaro, su zo su gaishe shi su ce masa Baba. Ba gonar ce ta dami Bunjo ba, mutumin da bai san inda fartanyar gidansu ke kwana ba. Ƙanensa Miiro ne. Miiro ɗan acaɓa ne, gajere, mai baki kamar reza, tunda aka haife shi bai taɓa ce wa Bunjo Yaya ba, sai dai "Dogo". Bunjo kan kwanta ya lumshe ido yana jin daɗin ranar da bakin nan zai buɗe ya ce Baba a gaban jama'a.

Ana nan sai mutanen birni suka zo suka kafa allo a bakin fadama, suka ce daga yau ta tsuntsaye ce, ba harbi, ba tarko, ba ƙona ciyawa. Shugabarsu wata 'yar arewacin ƙasar ce, Madam Lamunu, siririya mai takalmin roba har gwiwa. Ta tara mutane a gindin mangwaron kwata ta ce tana neman 'yan sa-kai masu ƙirgar tsuntsaye.

Wani masunci ya ce, "Madam, in mun ƙirga sai a raba mana?"

Ta ce a'a.

"To albashi fa?"

Ta ce babu, aikin kishin ƙasa ne.

Kwata ta ɗauki dariya. A ƙirga abin da ba za a ci ba, a kuma yi wa wanda ba zai biya ba! Mutane suka fara kakkaɓe wando suna watsewa. Sai ta buɗe wani kwali, ga korayen falmaran, ga madubin hange mai ido biyu da igiyar ratayawa. Bunjo, da ya riga ya juya baya, ya dawo kamar an jawo shi da ƙugiya. Ya ce shi dama tun yana ciki yake ƙaunar tsuntsaye. Mutumin da bai iya bambanta zalɓe da zakaran gidansu ba.

Aikin ba wuya gare shi ba. Farkon kowane wata, da sassafe, kowane ɗan sa-kai ya shiga lungun ruwan da aka ba shi, duk a lokaci guda don kada a ƙirga tsuntsu ɗaya sau biyu. Ka tura kwalekwale a hankali, ka rufe bakinka, ka duba, ka dawo gindin mangwaro ka gaya wa Madam abin da ka gani. Dokarta uku ce, kullum sai ta maimaita kamar karatun coci: kada ka matsa kusa, kada ka kira, kada ka ba da abinci. Rufe bakin ne kawai ya wahalar da Bunjo.

Balbela da dinya da kirinjijiya, waɗannan kowa na samu, ba wanda ke tafa maka. Wanda ake nema shi ne bulwe. Tsuntsu ne mai tsawon yaro ɗan shekara goma, toka-toka, da baki kamar an kifa masa akushi a fuska, da ido irin na alƙalin da bai karya kumallo ba. Yakan tsaya wuri ɗaya tun safe har azahar bai motsa ba, sannan ya faɗa ruwa gaba ɗaya ya fito da gaiwa, don ita ce abincinsa. Masunta tun da can ba sa ƙaunarsa. In mutum ya fita su ya yi arba da shi, sai ya tofar da yawu ya juya gida, don an san ranar ko ƙaya ba zai kamo ba. To wannan mugun abin shi mutanen birni suka ɗauka sarki.

Sa'ar wawa, lungun da aka ba Bunjo, wanda ya biyo ta bayan gonar ubansa, akwai bulwe ɗaya a can ƙuryarsa. Wata bayan wata Bunjo ke dawowa yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai a ka, ya tsaya sai kowa ya gama faɗin balbelunsa, sannan ya gyara murya ya ce, "Bulwe, ɗaya. Yana nan lafiya." Kamar shi ya haife shi. Da haka 'yan sa-kai suka ba shi ciyaman, don dama ba mai so. Falmaran kuwa ya zama fatarsa ta biyu. Da shi yake zuwa coci, da shi yake zuwa biki, Nalule ta ce da ana barinsa da shi zai yi wanka.

Tsoho Mubiru bai taɓa sa wa abin albarka ba. Wata rana yana zaune a kujerarsa, Bunjo ya zo wucewa da madubi a wuya, tsohon ya ce, "Kai, zo nan. Tsuntsun nan da kake wa gadi, me yake ci?"

"Kifi, Baba."

"Wane kifi?"

Bunjo ya sosa ƙeya.

Tsohon ya ce, "Wato dodon da ke cin 'yan uwanka kake tashi da asuba ka je ka gaishe shi. To madalla. Ni dai na gaya wa dangi kai ne babba, kai za ka gaje ni. Kada ka sa in ji kunya a kabari."

Ba a daɗe ba bulwe ya yi abin da tsuntsu ke yi. Gaiwa ta yi ƙaranci a lungun Bunjo, ya buɗe fiffike ya koma lungun wata bazawara mai saƙar tabarma, wadda ta shiga aikin don dama can take yankan ciyawa. Ranar ƙirga ta zo ta ce, "Bulwe, ɗaya," ko gyaran murya ba ta yi ba. Bunjo ya ce balbela bakwai. Wata na biye ya ce balbela da zalɓe. Kwata kuwa ba ta barin kuturu da yatsa. Yana saukowa sai ka ji, "Ranka ya daɗe, Ciyaman na balbelu! Yaya jama'arka?" Miiro kan tsayar da babur ya ce, "Dogo, in kai ka wurin matar nan ka roƙe ta aron tsuntsu? Kyauta zan kai ka, don zumunci."

Girman kai rawanin tsiya. Da Bunjo ya haɗiye, da yanzu yana kan kujerar ubansa. Sai ya nemi Lubowa.

Lubowa masunci ne ɗan wani dangi, gaiwa ba komai ba ce a wurinsa sai miya. Yana da koma mai ƙananan ido irin wadda hukuma ta hana, kullum zuciyarsa na kan jirgin 'yan sintiri. Bunjo ya ja shi bayan rumfar kifi.

"Lubowa, ƙananan nan da kake samu, waɗanda ba sa sayuwa."

"Waɗanne? Karfasa?"

"A'a. Waɗancan. Masu santsi."

Lubowa ya dube shi sama da ƙasa, ya bushe da dariya. "Ko sunanta ba ka iya faɗa, amma kana so. Ciyaman, ci za ka fara da tsufa?"

"Rufa mini asiri! Wa ya ce ci? Kai za ka zuba su a jarka da hannunka, ka rufe, ka ajiye cikin ciyawa. Ni sandar tuƙi kawai zan sa in tunkuɗe. Ban taɓa ba, ban kashe ba, ban ci ba. Ina laifin?"

"Ni me zan samu?"

Bunjo ya shafa madubin da ke wuyansa. Lubowa ya gane. Da madubin nan mutum zai hango jirgin sintiri tun yana fitowa daga Entebbe. Aka shirya: ranakun da ba ƙirga, madubin masu kare fadama na wurin mai haramtacciyar koma, jarka kuma na jiran Ciyaman. Banza ta sami wofi.

Dabara ta ci. Bunjo kan je bakin lungun bazawarar, ya ƙwanƙwasa ruwan ɗorawar jarkar nan da sanda, ƙwam ƙwam ƙwam, ya tunkuɗe ta, ya ja baya. Tsuntsu ba ya ƙin banza. Kafin wata ya zagayo bulwe ya san ƙarar jarka, ya san koren falmaran, ya dawo lungun Bunjo. Har gaisuwa ya koya: in ya hango shi sai ya sunkuyar da kai yana kaɗa shi, yana haɗa baki, ƙaf ƙaf ƙaf, Bunjo ma ya sunkuya ya amsa. Gindin mangwaro ya sake jin "Bulwe, ɗaya," da gyaran murya biyu. Madam Lamunu har ta yaba masa a gaban kowa, ta ce ga mutumin da ya san haƙuri.

Sai lalaci ya shigo, don shi ba ya barin mai shi. Tura kwalekwale har ƙurya da nisa, ga sauro. Yau Bunjo ya tsaya a rabin hanya ya ƙwanƙwasa, tsuntsu ya zo. Gobe ya rage. A kwana a tashi, sai ga shi daga ƙarshen gonar ubansa yake tsayawa, ƙafarsa ko jiƙewa ba ta yi, ya buga jarka, dodo ya sauko.

Nalule ce ta fara shinshinawa. Ta ce, "Maigida, falmaran ɗin nan ƙarni yake."

"Warin fadama ne. Me mace ta sani a aikin gwamnati?"

"Na san warin fadama, a cikinta nake wanki. Wannan warin abin da ba a kawowa gidan nan ne."

"To ki toshe hancinki."

Ta toshe, har da bakinta. Ta ce a ranta, in kunne ya ƙi ji, jiki zai ji.

Da damina tsoho Mubiru ya kwanta, bai tashi ba. Aka binne shi a cikin ayaba kusa da iyayensa. Bayan watanni dangi suka sa ranar watse makoki, ta kuwa faɗo daidai da safiyar ƙirga. Bunjo ya je wurin Madam ya ɗauki izini da fuskar maraya, ya ce ta shiga lungunsa da kanta, za ta tarar da tsuntsunsa yana nan. Hidima ta sha kansa: kafa rumfuna, karɓar baƙi, gwada yadda zai riƙe mashi a bayan ɗaki. Kwana da kwanaki bai leƙa ƙarshen gona ba, bai kuwa tuna akwai mai jiransa a can da yunwa ba.

Dangi suka cika gida, daga tsibirai, daga Kampala, har da waɗanda ba a gani sai wurin rabon nama. Aka kwana ana kiɗa ana shan giyar ayaba. Gari ya waye, aka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin mamaci. Nalule ta goge wa mijinta farar doguwar riga da baƙin kwat. Ya sa rigar, ya ture kwat ɗin, ya ɗora falmaran.

Gwaggo Nankya, ƙanwar mamacin, tsohuwa mai ido ɗaya da ke gani fiye da biyun kowa, ta ce, "Kai Bunjo, wannan tsumman fa? Gadon ubanka za ka ci ko kamun kwaɗi za ka?"

"Gwaggo, rigar aiki ce. Jama'a su san wanda suka naɗa."

"Za su sani," in ji ta.

Dattijon dangi ya miƙe ya jero kakanni tun daga na farko, ya kamo hannun Bunjo ya tsayar da shi. Ya warware mayafin ɓawon itace ya yafa masa, ya kama bakunan biyu zai ƙulla a kafaɗa. Bunjo ya saci kallon Miiro, ya ga ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur. Daɗi ya cika shi har wuya.

A can bayan rumfa kuwa, wajen masu sha, giya ta ƙare. Lubowa, wanda tun jiya bai ga tsakiyar hanya ba, ya ɗauki jarkar da ta bushe, ruwan ɗorawa, ya kama dukanta da ludayi don a ƙaro. Ƙwam ƙwam ƙwam.

Inuwa ta gifta kan rumfa. Mata suka ɗaga kai. Sai ga abu ya sauko tsakiyar fili, ya naɗe fiffike kamar mai naɗe laima, ya tsaya.

Masunta suka fara tofar da yawu. Wata ta kwashi ɗanta ta faɗa cikin ayaba. Wani ya ce mamacin ne ya dawo, wani ya ce mamacin bai kai haka muni ba. Bulwe bai kula kowa ba. Ya juya kan nan nasa a hankali har idonsa ya faɗa kan koren falmaran da ke leƙowa ta ƙarƙashin mayafi. Ya tako, taki ɗaya-ɗaya kamar surukin da ya zo biko, ya tsaya gaban Bunjo, ya sunkuya yana kaɗa kai. Ƙaf ƙaf ƙaf.

Shi kuma gogan, jiki ya saba, kafin hankalinsa ya iso wuyansa ya riga ya sunkuya ya amsa.

Gwaggo Nankya ta ce, "Ashe kun san juna."

"Gwaggo, aikinmu ne, tsuntsu yakan gane..."

Daga bayan rumfa Lubowa ya ɗaga murya, cikin tausayi irin na mashayi. "Ciyaman, yunwa yake ji, bawan Allah! Gaiwarka na nan a jarka tun shekaranjiya, ba ka zo ka kai masa ba, har sun fara mutuwa!"

Dattijon dangi ya saki bakin mayafin da yake shirin ƙullawa.

Gwaggo ta taso da sandarta, ta zo har gaban Bunjo, ba ta ko kalli tsuntsun ba. "Me yake kai masa?"

"Gwaggo, ki tsaya ki ji. Ban taɓa ba. Hannuna bai taɓa ko ɗaya ba, Lubowa ne ke zubawa. Ban kashe ba, ban ci ba. Sanda kawai nake sawa in tunkuɗe."

"Sanda." Ta juya ga jama'a. "Kun ji ɗan Mubiru. Ya sa an ɗaure 'yar uwarsa a jarka, ya kai ta bakin dodo, ya tunkuɗa ta, amma da sanda. To ni ma in na rotsa maka kai yanzu, ba ni ba ce, sanda ce." Ta daka masa tsawa. "Da ci ka yi don yunwa, da mun ce talauci ne, mu yi maka wanka mu rufa asiri. Kai don a tafa maka a gindin mangwaro! A ƙarshen gonar ubanka, yana kwance yana ji!"

Ba a yi doguwar shawara ba. Dattijai suka haɗa kai jim kaɗan, aka zare mayafi daga kafaɗar Bunjo kamar ana zare zani daga igiya. 'Ya'ya maza biyu mamacin ya bari, don haka ba zaɓi. Aka kira Miiro, mutumin da ya taɓa jinginar da akuyar uwarsa don ya sayi madubin babur. Mayafin ya yi masa yawa har yana jan ƙasa. Aka ba shi mashi, aka ba shi ƙwarya, aka zaunar da shi. Bulwe na tsaye gefe yana kallo, shi kaɗai ne a wurin bai sha komai ba.

'Ya'yan gida suka jeru gaisuwa, babba a gaba. Bunjo ya matso, ya ce wani abu can ƙasan maƙoshi.

Miiro ya kafa hannu a kunne. "Ɗana, ɗaga murya. Ƙarar babur ta kashe mini kunne."

"Baba," in ji Bunjo.

"Yauwa, Dogo. Allah ya yi maka albarka. Ka riƙa jin magana."

Ana cikin haka Madam Lamunu ta iso da 'yan sa-kai, laka har gwiwa, sun gama lungun Bunjo kaf ba su ga ko gashin bulwe ba, sun biyo yi wa Ciyaman gaisuwa. Ta tarar da tsuntsunta a tsakar gida yana leƙa jarkar giya. Ita ba ta san kan gida ba, ba ta san abin da ya sa tsofaffi ke tofar da yawu ba, amma ta san dokarta uku, kuma ba wadda ta tsira. Ta miƙa hannu a ba ta madubi. Aka ce yana wurin Lubowa. Ta tambayi me masunci ke yi da shi, jama'a suka bushe da dariya. Falmaran kam ta bar masa, don da ta matso ta ji warinsa ba ta yi marmarin karɓa ba.

Bulwe ya yi 'yan safiyoyi yana tsayuwa a ƙarshen gona, gonar Miiro yanzu. Da ya ga ba jarka ba sanda, ya koma lungun mai saƙar tabarma, inda ake ƙirga shi duk wata ba tare da gyaran murya ba. Nalule ta ci gaba da nomanta a ɗan gefen da sabon Baba ya yanka musu. Bunjo kuwa har yau yana kwata kan kifaffen kwalekwale, yana kare ido da tafin hannu, yana gaya wa baƙi cewa tsuntsun nan butulu ne, bai san alheri ba.

Masunta ba sa musu da shi. Sukan dai ce, tun kakanni an faɗa, wanda ya yi arba da bulwe da safe hannu wofi yake komawa gida, Bunjo ne kawai ya ga abin bai isa ba sai da ya gayyato shi.